Tarwaɗar Rijiyar Baba

Akwai tarwaɗa a rijiyar ƙofar gidanmu. Tun kaina bai kai bakin rijiyar ba na san da zamanta, domin da ita ake tsorata mu. Duk yarinyar da ta ɗage ƙafa za ta leƙa, sai Inna ta ce, "To, leƙa mana, tarwaɗar Baba ta jawo ki da gashin bakinta." Sai da na girma na gane ba don tsorata yara aka ajiye ta ba. Mutanen da, a ƙauyenmu da ke bayan Unguwar Gai, in sun haƙa rijiya sukan jefa tarwaɗa guda a ciki. Tana cinye tsutsa da ƙwarin da suka faɗa, sannan ita ce mai gadi. Muddin tana motsi, a sha ruwa hankali kwance. Ranar da ta juya cikinta sama kuwa, ruwa ba ya tsami banza, sai a tsaya a bincika.

Baba ne ya haƙa rijiyar, shi da ƙannensa, tun ba a haife ni ba. Da gangan ya ƙi tsakar gida ya fito da ita waje, gindin darbejiya, don kowa ya ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Shi ba mai hali ba ne. Bai je Makka ba, bai gina masallaci ba, hatsin gonarsa ma da ƙyar yake kai mu wata daminar. In ana hirar masu sadaka sai ya nuna rijiyar da haɓa ya ce, "Ni guzurina ga shi can." Ya sakankance cewa duk gugan da aka zura, yana raye ko yana kabari, akwai abin da za a rubuta masa. Ban taɓa ganin mutumin da ya dogara da abu ɗaya, bayan Allah, kamar yadda Baba ya dogara da wannan ramin ba.

Kuma rijiyar ta yi albarka. Ruwanta ba zartsi, komai zafin rani ba ta ƙafewa. Unguwarmu duka a nan take sha. Fulani in sun sauko da shanu sukan cika komin da ke gefenta, wani lokacin su bar wa Inna ƙwaryar nono su wuce.

Da tsufa ya zo wa Baba, ta ido ya fara shiga. Yana ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da inuwa. Ya bar gona, ya bar kasuwa, amma bai bar rijiya ba. Kullum bayan la'asar, lokacin da masu ɗiba suka watse wurin ya yi shiru, sai ya lalubo sandarsa ya je ya zauna a kan dutsen da ke gefenta. Ita tarwaɗa takan taso sama ta shaƙi iska ta koma, ka ji ɓulum sau ɗaya. Wannan ƙarar yake jira. In ya ji ta sai ya ce alhamdulillahi, ya tashi ya tafi alwalar magariba. Ba wadda na sani da yarinta ba ce, an sha canjawa in wata ta tsufa, amma wannan ta daɗe a ciki har sun saba. In na zo ganin gida nakan tsokane shi.

"Baba, 'yar autarka ta gaishe ka?"

"Ta fi ki ladabi, Uwata. Ita magana ɗaya take yi ta yi shiru."

Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci, kuma da wannan sunan na samu damar faɗar abin da na ga dama a gabansa. Yayana kuwa, wanda shi ne ɗan fari, tasa daban ce. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron", alhali yaron har ya fara furfura. Shi ma Yaya ba ya iya haɗa ido da Baba. Gida ɗaya suke, shi ke noma gonar, shi ke ciyar da su, amma in akwai magana sai ta bi ta bakin Inna, ko ta jira ni na zo daga Rano inda nake aure. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, ba wanda yake ganin aibunta. Ni ma ban taɓa gani ba sai a wannan daminar.

Wajen ƙarshen damina ne, wake ya fara fure. Na shiga kasuwar Rano cefane, sai na hango Yaya tsugune gaban mai kifi, irin masu zuwa da tarwaɗar kiwo da ranta a cikin baho. Yana ta sa a ɗago masa wannan, a mayar, a ɗago waccan. Ga jarka an yanke mata baki, ɗaure a bayan babur ɗinsa. Na lallaɓa na tsaya a kansa.

"Yaya, wa ke kwaɗayi a gidan? Ko farfesu za a yi wa Inna ba a gayyace ni ba?"

Ya ɗago ya gan ni, ya yi wuri-wuri kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ya ja ni gefe, bayan masu albasa, ya faɗa mini. Tarwaɗar Baba ta mutu. Matarsa ce ta gan ta da safe tana yawo a saman ruwa, farin cikinta a sama. Ya ciro ta da guga ya binne a bayan gida kafin Baba ya fito. Ya ce wa kansa tsufa ne, ya zo Rano ya sayi wata ya jefa. Ita ma ba ta yi mako ba. Wannan da yake zaɓa ita ce ta uku.

"Haba Yaya!" na ce. "An kashe maka mai gadi sau biyu, kai kuma sabon mai gadi kake nema, ba ka nemi ɓarawon ba?"

"Ke ba za ki gane ba. In tsohon nan ya zauna bai ji komai ba, me zan ce masa? Da wane bakin?"

"Ruwan fa? Ana sha?"

"Ana sha. Ai na duba. Launinsa bai canza ba, ba wari, ɗanɗanonsa yana nan. Ke ma kin yi karatu. Ruwan da waɗannan ukun ba su canza ba mai tsarki ne."

Na yi karatun kuwa, a zaure ɗaya da shi, na san haka aka koya mana. Amma raina bai kwanta ba. Na kira maigidana a waya na ce masa gida zan je, ya ji muryata bai ko tambayi dalili ba. Na hau bayan Yaya na rungume jarkar, tarwaɗar tana ta bugu tana jiƙa mini hijabi, har muka wuce Kibiya.

Rana ta take muka isa, lokacin da Baba yake ɗaki yana hutawa. Abin da na tarar a bakin rijiya ba ɓoyayye ba ne, a fili ake yi, kuma ina jin na sha wucewa ta wurin ban kula ba. Samari ne sun dawo daga feshin wake. Kowa ya sauke tankinsa, irin wanda ake goyawa a baya, ya jingina shi da bakin rijiya. Ɗaya ya ja ruwa ya ɗora gindin guga a bakin tanki yana ɗurawa, kumfar magani ta taso ta lashe gugan, ya mayar da shi rijiya ya sake ja. Wani yana girgiza nasa yana zubar da ɗaurayar a ƙasa, tana bin tsagewar daɓen da ya daɗe da fashewa tana shigewa. Ga kwalaben magani a yashe gindin darbejiya. Ko'ina damina ta sa kore, amma kewayen rijiyar ƙasa ce tsirara, ko ciyawa ɗaya babu. Suka gaishe ni da ladabi. 'Ya'yan maƙwabta ne, wasu ma na goya su. Cikinsu ba mugu ko ɗaya.

Na sha tunani a kan wannan daga baya, kuma har yanzu ban iya ɗora wa mutum ɗaya laifin ba. Da muna yara da fartanya ake yin ciyawa, a yi gayya, a watsa wa wake toka a bar wa Allah. Yanzu 'yan ƙwadago sun yi tsada, ƙwari kuma sun yi ƙarfi. Wanda bai yi feshi ba, ganye zai girba. Maganin kuma ba ya aiki sai an haɗa shi da ruwa, kuma ina ruwa yake, mai yawa, a waje, ba sai ka yi sallama ba? Rijiyar Baba. Alherin da ya sa ya fito da ita ƙofar gida, shi ya jawo mata abin da ya same ta. Da na shiga zaure na ga tankin Yaya ma rataye a bango. Na kalle shi, ya kalli ƙasa.

Na hana shi jarkar. Na kai ta ɗakin Inna na zauna kusa da ita. Ashe Inna ma ta sani, bakinsu ɗaya da Yaya.

"Ki rufa mana asiri da bakin nan naki," ta ce. "Mutumin nan ba abin da ya rage masa sai wannan rijiyar."

Na tambaye ta lafiyar yara. Ta ce akwai masu ciwon ciki da amai nan da can, har da jikokinta, amma ai lokacin ne, ga ɗanyar gyaɗa ga sabuwar masara. Ni ba likita ba ce, kuma har yau ban san ko rijiyar ce ko gyaɗar ba. Abin da na sani shi ne na ga kumfa a gindin guga, kuma randar da ke ɗakin Inna daga wannan gugan aka cika ta. Ƙishirwa ta dame ni a ranar, na kasa ɗaukar moɗa a ɗakin uwata. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Bayan la'asar Baba ya fito da sandarsa. Na bi shi, ina ta shirya magana a raina, ni da ba a taɓa sanina da neman abin faɗa ba. Ya zauna a dutsensa, na zauna a ƙasa. Muka yi shiru, rijiyar ma shiru, don ba komai a cikinta sai ruwa. Aka daɗe. Can ya juyo da fuskarsa wajena.

"Uwata, ba ku sa ta yau ba?"

"Wacce, Baba?"

"Wadda wannan yaron ya je sayowa."

Ya yi murmushi, amma ba na jin daɗi ba.

"Tawa mai kunya ce," ya ce. "In ta ga inuwar mutum sai ta nutse, sai wuri ya yi shiru take tasowa. Wadda ya kawo kuwa 'yar kiwo ce, ta saba a watsa mata abinci. Da na sunkuya sai ta taso tana fantsama ruwa kamar yaro ya ga mai alewa. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau."

"To Baba, me ya sa ka yi shiru?"

"Ta farko na ce ajalinta ne. Kuma na ga don ni yaron ya yi, ban so na kunyata shi ba. Da ta biyu ta yi shiru sai na ce zai aiko a faɗa mini. Ina ta jira." Ya shafa sandarsa. "Yana jin kunyata, ina jin tasa, mutane kuma suna ta sha."

Sai na faɗa masa abin da na gani, tankunan da kumfar da tsagewar daɓen. Ya ce yakan ji wani wari-wari a ƙasan wurin, ya ɗauka iska ce ke kawo shi daga gonaki, don masu feshin da safe da rana suke zuwa, shi kuma sai yamma. Na faɗa masa hujjar Yaya ta launi da wari da ɗanɗano. Ya yi 'yar dariya.

"Karatun gaskiya ne, amma na alwala ne. Ita tarwaɗa ba ta je makaranta ba, shi ya sa ta mutu."

Hannunsa yana kan bakin rijiyar yana shafawa a hankali, yadda ake shafa kan yaro.

"Shekara da shekaru ina cewa duk gugan da aka zura ana rubuta mini," ya ce. "To na yau fa, Uwata? Na dama ne zai rubuta, ko na hagu?"

Ba ni yake tambaya ba.

"Kira mini yayanki."

A iya sanina ranar ce ta farko da Baba ya yi wa Yaya magana kai tsaye a kan abu mai nauyi. Yaya ya zo ya durƙusa daga nesa. Na zaci faɗa za a yi, har na gyara zama, amma ba a yi ba.

"Kai, na gode da kifin," Baba ya ce. "Ɗauko mini kwanon rufin nan da ke bayan rumbu."

Yaya ya kawo falle biyu suka rufe bakin rijiyar. Baba yana lalube da hannu yana duba ko akwai kafa. Sannan ya sa aka mirgino masa dutse, ya ƙi a taya shi, ya ɗora na farko da kansa, yana nishi. Na juya baya na yi kuka. Na san abin da yake rufewa. Tarwaɗar kasuwa kuwa, a daren matar Yaya ta yi farfesunta, ni ban iya ci ba.

Washegari unguwa ta ɗauka. Ruwan da ya fi kusa shi ne famfon tuƙa-tuƙa na makarantar firamare, can ƙetaren fadama, ga nisa ga layi. Mutanen da suka saba fitowa da takalmin wanka su ja ruwa, yanzu sai sun yi sammako da jarkoki. Maganganu suka fara zagayowa. Aka ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Aka ce 'yarsa ta Rano ce ta zo da iyayin birni ta zuga shi, kuma wannan ban musa ba. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, taubashiyar Baba, wadda tun suna yara suke wasa, kuma ita kaɗai ta fi ni baki a unguwar. Ta zo har gaban dutsensa da tulunta.

"Malam, tsufa ne ya koya maka rowar ruwa? Kifi ya mutu sai mu ma ka kashe mu da ƙishirwa?"

"Ki tafi famfo, ko kya rage ƙiba," Baba ya ce.

"Allah ya isa tsakanina da kai, marowaci."

Wasa ne, amma ba duka ba. Ta tafi tana mita, shi kuma ya daɗe kansa a sunkuye.

Ba a zauna haka kawai ba. Liman ya yi magana bayan salla, mai unguwa ya hana haɗa magani kusa da kowace rijiya. Wani duba-gari ya zo ya leƙa ya ce sai an kwashe ruwan tas, a yashe laka, a sake ginin bakin da daɓen. Masu yasa suka zo su ma suka leƙa, suka ce ruwan ya kai wuya, duk abin da aka kwashe yau gobe zai dawo, sai dai a jira rani ya ja shi ƙasa. Don haka aka shiga jira.

Baba bai fasa zuwa dutsensa bayan la'asar ba. Na tambaye shi me yake saurare, tun da ba komai. Ya ce gadi yake yi, kada wani ya ɗaga kwanon. Gaskiya ne, an gwada. Amma ni na san ko ba mai gwadawa zai je. Ya fara ramewa, tuwon ma sai Inna ta yi da gaske. Wata rana na zo dubiya, muna zaune a wurin, ya ce, "Uwata, kina ganin zan kai yasar nan?" Na ce masa ai shi zai fara shiga ramin, mu riƙe masa igiya. Ya yi dariya. Ni kuwa da na koma Rano na kasa cin abinci, don na ji tsoro a muryarsa. Ba tsoron mutuwa ba ne, Baba ya daɗe da shirya mata. Tsoron ya tafi ya bar guzurinsa a rufe ne.

Bai kai ba. An gama cire wake, ana shirin yankan dawa, aka kira ni da safe aka ce Allah ya yi masa rasuwa bayan sallar asuba.

Na iso gida ya cika. Aka zo batun wanka, aka tarar ruwan da ke randuna bai taka kara ya karya ba, ga jama'a suna neman na alwala. Sai na ga Yaya ya fita ya nufi rijiya. Na bi shi har bakin zaure. Ya ɗora hannu a kan dutsen nan na farko.

"Ruwansa ne," ya ce. "Shi ya haƙa. Wanka za a yi masa, ba sha ba. Mutumin da ya shayar da garin nan ba za a ce an rasa ruwan wanke shi ba."

Aka tambayi liman ya ce in don wanka ne ba laifi. Ni ma a zuciyata ina bayan Yaya. Na so a ce ruwan nan ya taɓa jikin Baba ko sau ɗaya kafin a rufe shi. Na shiga na faɗa wa Inna. Tana zaune an lulluɓe ta, ba ta ɗago ba.

"Je ki ce masa hannun ubansa ne ya ɗora dutsen nan," ta ce. "In aka ɗaga shi yau a gaban jama'a, gobe ba mai iya hana kowa. Kada ya warware masa abin da ya ƙulla da wahala."

Na je na faɗa. Yaya ya tsaya, hannunsa a kan dutse, hawaye na bin gemunsa. Bai ɗaga ba, bai kuma sake shi ba. Maza suka yi cirko-cirko.

Muna haka sai wani ya ce, "Ku duba can." Ta hanyar fadama ake tahowa. Tsofaffin mata da 'yan mata ne a jere, kowa da kaya a ka, tulu da bokiti da jarka. Bayansu samarin nan masu feshi, sun ɗaura jarkoki a babura suna bin su a hankali. Ba wanda ya aike su. Tun da suka ji rasuwar suka san gidan ba ruwa, suka wuce famfo kafin su zo gaisuwa. A gaba taubashiyar Baba ce, da ƙaramin tulu daidai ƙarfinta, zaninta ya jiƙe da laka har gwiwa. Ta iso bakin zaure ta sauke, tana haki.

"Ku karɓa," ta ce, "ku wanke marowacin nan."

Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Yaya ya ɗauke hannunsa daga dutsen ya je ya ɗauki tulun da kansa. Da ruwanta aka fara. A ranar duk abin da yake riƙe ruwa a gidanmu sai da ya cika, har turmi aka zuba wa. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma a cikinsa na ji wani sanyi. Na so a ce Baba ya ji ƙarar saukar tulunan nan.

Da rani ya yi aka yashe rijiyar. Samarin ne suka ja igiya, aka fitar da laka baƙa ƙirin aka kai ta nesa, aka gina baki mai tsayi da sabon daɓe. Masu feshi yanzu a jarka suke ɗaukar ruwa su haɗa maganinsu a gona, can kuma suke wanke tanki. Ba zan ce kowa kullum yana kiyayewa ba, ɗan Adam ne, amma taubashiyar Baba ta gaji dutsensa, kuma wanda ta kama sai ya gwammace mari. Yaya bai koma wajen mai baho ba. Wani masunci ya kamo masa tarwaɗar rafi, aka jefa ta, aka jira ta yi makonni tana tasowa kafin a bar kowa ya sha.

Yanzu in na kira Yaya a waya bayan la'asar, kafin na tambayi 'ya'yansa nakan ce, "Tana nan?" Ba ya amsa mini da baki, ya san bakinsa ya taɓa ɓoye mini. Sai na ji takunsa ya fita, ya miƙa wayar a bakin rijiya, mu yi shiru mu biyu muna jira. Wani lokacin mu ji ɓulum, na ce alhamdulillahi. Ranar nan kuwa ba ta taso ba, don wata mata ta zo ɗibar ruwa a makare. Na ji igiya tana sauka, na ji guga ya daki ruwa, na ji ana jan shi cike yana ɗiga. Yaya ya mayar da wayar kunnensa.

"Kin ji?" ya ce. "Wannan na Baba ne."